Ranar da Lauya Magano Ta Faɗi Sana'ar Ubanta

Akwai wani dattijo a unguwar Katutura ta birnin Windhoek, ana ce masa Tate Hafeni (Tate a yarensu shi ne Baba). Shekara talatin da uku ya yi yana lodin kaya a tashar motocin arewa.

Duk wanda ya taɓa shiga bas zuwa Ondangwa ko Oshakati a ƙarshen shekara ya san abin da ake kira kaya. Gado, firiji, kwanon rufi, buhunan garin masara, keke, ganga, har da ƙofar ɗaki da wani ya saya zai kai wa uwarsa ƙauye. Tate Hafeni zai tsaya ya dubi tarin nan, ya dubi motar, sannan ya ce, "Wannan ƙasa, wannan tsakiya, wancan sama." Ni kaina ya taɓa ɗaure mini katifa da keken ɗinki, suka yi tafiyar kilomita ɗari bakwai ba abin da ya motsa.

Tsawon shekarun nan, ba a taɓa jin kayan da ya ɗaure sun zube a hanya ba.

Matarsa ta rasu 'yarsu tilo, Magano, tana da shekara tara. Bai ƙara aure ba. Da igiya da tamfol ya riƙe yarinyar nan, ya yi mata karatu har ta zama lauya. Da gwiwarsa ta hagu ta ƙi yarda ya ci gaba da hawa saman mota, sai ya ajiye aikin ya koma zaman ƙofar gida.

Magano tana son ubanta, wannan ba shakka. Duk Lahadi sai ta je ta kai masa nama da magani. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗa wa abokan aikinta sana'arsa ba. In an tambaya sai ta ce, "Ya yi aiki a harkar sufuri," ta canja magana.

Ita da mijinta Uazuva, ma'aikacin safiyo, suka sayi mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da murhu da ɗan banɗaki a ciki. Suka shiga cikin wasu iyalai huɗu da ke fita daji tare duk hutu. Jagoransu shi ne Oom Fanie Mouton, ɗan kwangilar gine-gine daga Rehoboth. Mutum ne mai kyauta, mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, wanda bai taɓa yarda akwai abin da bai sani ba.

Hutun Ista ya zo, aka shirya tafiya bakin teku ta Gamsberg, hanyar tsakuwa da ke gangarowa daga kan duwatsu. Uazuva ya ce wa matarsa, "Mu tafi da Tate mana. Kullum yana zaune yana kallon titi."

Da ƙyar Magano ta yarda.

Ranar tafiya da safe, Tate Hafeni ya iso da jakarsa, ya tarar da surukinsa a saman mota yana zufa. Cikin motar ya cika, ga kuma kaya jibge a tsakar gida: babban tanti, kujeru masu naɗewa, katifu, jarkokin ruwa huɗu, tukunyar gas, damin itace, da ƙaramin kwalekwalen roba da Uazuva ya aro wurin abokinsa.

Nan take Uazuva ya ja jarkokin ruwan ya kai sama.

"Sauko da su," in ji Tate Hafeni.

"Tate, nan ne kaɗai da wuri."

"Ruwa ba ya hawa sama, ɗana. Ka ɗora wa mota nauyi a ka, ta zo shan kwana, ina kake so ta nufa? Sauko da su."

Uazuva ya sauko da su. Jarkoki da tukunyar gas suka koma kariyar baya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan mota, ƙasa-ƙasa kusa da taya. Itace ya shiga akwatin gefe. Sama kuwa sai masu cin wuri marasa nauyi: tanti, katifu, kujeru, sannan kwalekwalen a kife ya rufe su.

Dattijon ya zuge jakarsa. Ashe rabinta igiya ce da yankakkun robar tsohuwar taya. Duk inda igiya za ta bi ta kan kaifin ƙarfe, sai ya sa a saka robar a ƙarƙashi. Yana ƙasa yana ba da umarni, amma ƙullin ƙarshe da hannunsa ya yi. Da ya gama ya kaɗa igiyar da yatsa, ta yi ƙara kamar tsirkiyar garaya.

Uazuva ya kama kayan ya girgiza da dukkan ƙarfinsa. Motar ce ta motsa, kayan ba su motsa ba.

"Kai, Tate! Wannan ai walda ka yi."

Magano ta fito da kwandon abinci, ta ɗaga kai, ta tsaya cak.

"Wayyo, Tate. Sabuwar mota kun mayar da ita bas ɗin Oshakati."

"Bas ɗin Oshakati yana isa gida," in ji shi, yana naɗe ragowar igiya.

Suna cikin tafiya zuwa wurin haɗuwa, Magano ta juyo daga kujerar gaba.

"Tate, abu ɗaya zan roƙa. Mutanen nan da za mu haɗu da su, akwai likita, akwai ma'aikacin banki. Don Allah kada ka kawo zancen tasha. Ka huta kawai, ka ji daɗin tafiyarka."

Uazuva ya dube ta ta gefen ido. Dattijon ya kalli hannuwansa. Yatsunsa biyu sun karkace tun shekarar da ganga ta danne su.

"To, 'yata. Na yi miki alkawari."

A gidan man da ke bakin gari aka haɗu. Motoci biyar, fes-fes. Ta Oom Fanie ta fi kowacce girma, samanta kuwa kamar bene: jarkokin dizil huɗu, tukunyar gas biyu, janareto, tayar safaya, itace, duk an ɗaure da sababbin bel masu ruwan lemo, irin na kanti masu ƙarfen matsewa.

Oom Fanie ya zagaya motar Uazuva yana tuntsira dariya.

"Uazuva, ina akuyar? Ita kaɗai ta rage a saman nan! A wannan zamanin mutum yana ɗaure kaya da igiyar shanya?"

Kowa ya yi dariya. Magano ma ta yi.

"Ga mahaifina," ta ce da sauri. "Ya yi ritaya. Harkar sufuri ya yi, ɓangaren kula da kaya."

"A'a, Manaja ke nan!" Oom Fanie ya cafke hannun dattijon ya girgiza. "Manaja, ka ga nawa? Kowane bel ɗaya tan biyu yake riƙewa. A jikin kwalin aka rubuta."

Tate Hafeni ya ɗaga kai ya dubi saman motar. Ya daɗe yana dubawa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya faɗa kan 'yarsa.

"Launinsu da kyau," ya ce.

Aka kama hanya. Oom Fanie a gaba, da matarsa Tannie Elsabé da jikokinsu mata biyu, waɗanda ke ta ɗaga hannu ta tagar baya. Uazuva na biye da su.

Ba a jima ba kwalta ta ƙare, aka faɗa tsakuwa mai gargada, irin wadda ke sa haƙoran mutum su yi ta haɗuwa. Magano tana ta nuna wa ubanta abubuwa.

"Tate, dubi birai can kan dutse! Tate, ka ga barewa?"

"Na gani," yake cewa. Amma bai gani ba. Idonsa na kan saman motar da ke gabansu. Duk ramin da ta faɗa, sai ya ga jarkokin sun ɗan yi gefe sun dawo. Duk kwanar da ta sha, sai ya ga motar ta kwanta fiye da yadda ya kamata. Awa uku ya yi yana kallo, hannunsa na matse da gwiwarsa.

Da rana ta take aka tsaya cin abinci a kan tudu, daidai inda gangaren zai fara. Daga nan sai kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun. Mata suka fito da burodi da busasshen nama da kofi. Tate Hafeni bai zauna ba. Ya goya hannu a baya ya zagaya motar Oom Fanie kamar mai miƙe ƙafa. A wajen ƙafar kariyar sama ta baya, ya miƙa hannu ya shafa, ya dubi yatsansa. Jan gari ne a jiki.

Ya yafito 'yarsa zuwa bayan motarsu.

"Magano, na yi miki alkawari, kuma tun safe nake riƙe da shi. Yanzu ki sake ni."

"Me ya faru, Tate?"

"Motar mutumin nan ba za ta kai ƙasa da kayanta ba. Ƙafar kariyar ta tsage, ga garin ƙarfen nan. Bel ɗin da ke kan jarkoki kuma tun ɗazu kaifin ƙarfe yake cinsa ta ciki. In ya taka burki a gangaren nan, duk abin da ke sama zai taho gaba. Ko ya rufto musu ta gilashi, ko ya ja motar ta kife. Akwai mai, akwai gas, akwai yara biyu."

"Ka tabbata?"

Kallonta kawai ya yi, har ta sunkuyar da kai.

"To ka faɗa masa mana. Ka ce kawai ka lura."

"In Manaja ya faɗa, dariya zai yi. Manaja ai takarda ya sani. Sai ya san wanda ke masa magana sannan zai saurara. Ni kuwa ba zan kunyata ki a gaban mutanenki ba sai da yardarki."

Magano ta waiga ta dubi mutanen. Matar likita tana zuba kofi. Ma'aikacin banki yana ɗaukar hoto. Shekara biyu ta yi tana gina wa kanta wuri a cikinsu.

"Bari Uazuva ya yi masa magana," ta ce.

Uazuva ya je. Daga inda suke tsaye suna jin amsar, don Oom Fanie ba ya magana a hankali.

"Haba Uazuva! Kai mai igiyar shanya ne za ka koya mini ɗauri? Sau shida na bi hanyar nan. Tan biyu, na ce maka! Jama'a a tattara, rana na yi."

Aka tattara kofuna. Tannie Elsabé ta saka jikokinta a mota ta rufe ƙofa. Oom Fanie ya tayar da inji.

Tate Hafeni ya bar 'yarsa a tsaye. Ya fara ɗingishi zuwa wajen motar shi kaɗai, da niyyar ko tsayawa ne ya yi a gabanta.

Magano ta ga bayan ubanta. Ta ga tsohuwar rigarsa da ya goge da kansa don tafiyar nan, ta ga yadda yake jan ƙafar hagu. Sai ta tuna wata rana tana 'yar makaranta, an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta je tasha karɓar makullin gida. Ta same shi a saman bas, jiƙe sharkaf, ya cire rigar ruwansa ya lulluɓe buhun garin wata tsohuwa da ita.

Ba ta san lokacin da ta ruga ta wuce shi ba. Ta tsaya a gaban motar, ta buga tafin hannu a kan bonet.

"Oom Fanie, kashe motar nan!"

Ya leƙo da kai. "Lafiya, Lauya?"

"Mahaifina ba manaja ba ne. Ni na bari ka ɗauka haka, don kunya nake ji." Muryarta ta koma irin wadda take tsayawa da ita a gaban alƙali. "Ɗan lodi ne. Shekara talatin da uku yana hawa saman bas a tashar arewa, ko tsinke bai taɓa faɗo masa a hanya ba. Igiyar da ka yi wa dariya, ita ta kai ni jami'a. Ya ce kayanka ba za su kai ƙasa ba. In Tate ya ce ba za su kai ba, to ba za su kai ba."

Injin ne kaɗai ke ƙugi.

Sai ƙofar gefe ta buɗe. Tannie Elsabé ta sauko, ta sauko da jikokinta ɗaya bayan ɗaya.

"Fanie, ni da yaran nan mun sauka. In gangarawa za ka yi, gangara kai da tan biyunka."

Oom Fanie ya kashe mota. Ya fito fuska a murtuke, ya tsaya gaban dattijon.

"To, nuna mini."

"Ba ni zan nuna maka ba, yallaɓai," in ji Tate Hafeni a hankali. "Hannunka zai nuna maka. Hau tsani. Bel na biyu daga baya, sa yatsa ta ƙarƙashi, inda ya kwanta a kan ƙarfe."

Oom Fanie ya hau yana huci. Ya sa yatsa, ya juya bel ɗin. Daga sama lafiya lau yake, ruwan lemo, sabo fil. Daga ƙasa kuwa an ci shi, saura wasu 'yan zare da ba su kai faɗin farce ba.

Ya sauko a hankali.

"Saura ɗaya," in ji dattijon. "Kowa ya ja baya, a riƙe yara. Maza huɗu ku zo ta gaba ku jijjiga mini motar. Kada ku ji tsoronta, kamar yadda hanya za ta yi mata."

Suka jijjiga sau ɗaya. Sau biyu. A na uku aka ji ƙas! Ƙafar kariyar ta balle, bel ɗin ya tsinke, jarkar dizil ɗaya ta sulluɓo ta gefe ta daki ƙasa ta fashe. Janareton ya zame ya tsaya a baki-baki, yana lilo.

Ƙaramar jikar ta fashe da kuka. Oom Fanie ya dubi dizil ɗin da ƙasa ke sha, ya dubi gangaren, ya dubi jikokinsa. Ya zauna daɓas a kan dutse.

"Da mun shiga kwanar farko..." in ji shi.

Can ya ɗago. "Tate," ya ce. Ba Manaja ba. "Tate, yaya za mu yi?"

Nan fa mutanen suka ga wani mutum daban. Dattijon da ya yini shiru ya miƙe sosai, ya naɗe hannun riga, muryarsa ta tasha ta dawo.

"A sauke komai! Kai mai hoto, ajiye abin nan ka kama nan. Likita, jarka ba jariri ba ce, rungume ta da kyau! Uazuva, ɗauko mini jakata."

Ya bi motocin biyar ɗaya bayan ɗaya. Uku daga ciki ya sa aka kwance su gaba ɗaya. Ya raba nauyin Oom Fanie: dizil ya koma kariyar bayan motar likita, janareto ya shiga ƙasan teburin wata motar aka toshe shi da katifa, tukwanen gas suka tsaya a tsaye, ƙasa-ƙasa, inda iska ke bi. Ƙafar kariyar da ta balle, ya zaɓi itace mai ƙwari daga cikin na wuta, ya kara mata, ya naɗe da igiya kamar ɗorin karaya.

Bel ɗin nan ma bai yar da su ba.

"Bel ɗinka ba shi da laifi, yallaɓai," ya ce wa Oom Fanie. "Da gaske zai riƙe tan biyu. Amma ba a rubuta a kwalin cewa ƙarfe yana da haƙori ba. Sa masa roba a nan. Yawwa. Yanzu matse."

Oom Fanie ya matse, yana zufa, yana cewa "To, Tate" kamar sabon yaron mota.

"Shekara arba'in ina aure da mutumin nan," in ji Tannie Elsabé, "yau ne na fara jin ya ce to."

Wannan karon dariyar ta kowa ce, har da shi.

Magano ba ta koma inuwa ba. Tana tsaye kusa da ubanta tana miƙa masa igiya da roba, ƙura ta ɓata mata farar riga. Matar likita ta matso ta ce, "Mahaifinki ne da gaske ya ɗaure taku motar? Tun safe nake cewa ita kaɗai ce ba ta ƙara."

"Shi ne," in ji Magano. "A duk tashar ba wanda ya kai shi." Da ta faɗa sai ta ji kamar an sauke mata wani kaya da ta shekara ashirin tana ɗauke da shi.

Awa biyu aka yi, sannan aka gangara. A hankali, kwana bayan kwana. Ko cokali bai faɗo ba.

Da suka kai ƙasa, kafin rana ta faɗi, aka kafa tantuna a bakin wani busasshen kogi. Oom Fanie ya cire hula, ya ɗauko babbar kujerarsa, wadda ba wanda ke zama a kai sai shi, ya ajiye wa dattijon. Naman farko da ya sauka daga wuta, shi ya kai masa da hannunsa.

Da mutane suka ɗan ja gefe, Magano ta zo ta durƙusa kusa da kujerar.

"Tate, ka yafe mini."

"Na yafe tun a mota."

"Ba ka ji haushi ba?"

Ya haɗiye naman da yake tauna. "Haushi a'a. Na san duniyar da kika shiga ba irin tawa ba ce, kuma ni na tura ki can. Abin da ya dame ni ɗaya ne. Abu guda na iya a rayuwata, na iya shi sosai, kuma ba ni da wanda zan bar wa. Uazuva ya tambaye ni yau da safe. Ke ba ki taɓa tambaya ba."

Magano ta share ido. Ta tashi ta je ta buɗe jakarsa, ta dawo da igiya.

"To ga ni. Koya mini."

Kwana huɗun da suka yi a bakin teku, mutane na wanka suna kamun kifi, lauya tana jikin kariyar mota tana ƙulli. Ta ƙulla, ya zo ya ja da yatsa ɗaya ya warware.

"Wannan ko kaza ba zai riƙe ba, Lauya. Kwance."

Ta sake.

"Kin fi ɗazu. Zai riƙe kaza. Kwance."

Tafin hannunta ya yi bororo, farcenta biyu suka karye. Ranar komawa, Tate Hafeni ya zauna a kujera ya harɗe ƙafa, ya ce yau shi fasinja ne. Magano ta hau sama. Ita ta tsara, ita ta sa roba, ita ta ja, ita ta ƙulla. Ya tashi ya zagaya sau ɗaya, ya taɓa nan, ya taɓa can, bai kwance ko ƙulli ɗaya ba, ya shiga mota.

Ta kwalta suka dawo. A Karibib suka tsaya shan mai. Dattijon ya yi barci a gadon baya, Uazuva ya shiga kanti. Magano tana tsaye tana miƙa, sai wani tsohon direban bas mai furfura ya bar motarsa ya taho, idonsa a kan kayansu. Ya zagaya ta baya, ya sunkuya ya leƙa ƙullin, ya sa yatsa ya ja.

"'Yata, yi haƙuri da tambaya. Shekara ashirin na yi ina jan bas zuwa Ondangwa. Mutum ɗaya na sani mai juya ƙulli haka. Wannan ɗaurin Hafeni ne."

Magano ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa.

"Ɗaurin 'yarsa ne, Tate. Shi yana ciki yana hutawa."

Darasi: Kada ka ji kunyar sana'ar da ta ciyar da kai, kuma kada ka raina ilimin mutum don ba a ofis ya samo shi ba. Hannun da kake ɓoyewa a gaban abokanka, wata rana shi zai tsare ransu. In iyayenka na raye, ka faɗi aikinsu da ƙarfi, ka zauna ka koyi abin da suka iya tun suna nan. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, musamman wanda kuka san ubansa ko uwarsa da gumi suka raine shi.